Tafinta Biyu Tsakanin Uba da 'Yarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga yayan su Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Rabi, ya sauke ku lafiya a ƙasar Ingila, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya kare ku daga sanyin da ake ba mu labari da kuma sharrin abin da ido bai gani ba.

Na ba Binta takardar na ce ta cusa a aljihun jakarka, kada ta kuskura ta miƙa maka hannu da hannu. Na san halinka, na san nawa. Da a tsakar gida ka buɗe ta, da ni da kai mun rasa inda za mu sa idonmu. Kai ne ɗan fari, ban saba zaunar da kai in yi doguwar magana ba. Tun kana zanin goyo kakarka ce mai yi maka rawa, ni kuwa in wuce kamar ban gan ka ba. Haka muka taras ana yi, haka na yi. To yau alƙalami zai ɗauke mini kunya.

Bari in faɗi abin da ke damuna tun da wuri, kada ka ce tsohuwar malamar makaranta ta fara dogon darasi. Rabi ba ita kaɗai za ta hau jirgin nan ba. Ba a gaya mini tana da juna biyu ba, amma ina da ido. Masaƙarku ta Sharada ta ce kwas ɗin na 'yan shekaru ne, ni kuwa na ga waɗanda aka tura 'yan shekaru suka dawo da furfura. Ba na tsoron ka bar salla, ba na tsoron ka sha abin da bai kamata ba, na san wanda na haifa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a kawo mini jika ya tsaya a gabana, sai an nemo mana tafinta. Na taɓa ganin haka da idona, ni ce ma tafintar. Labarin ke nan da zan ba ka.

Lokacin kana makarantar kwana, shi ya sa ba ka san kan zancen ba. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya bar kamfanin man gyaɗa na Bompai ya koma kamfanin fata a Challawa, lokacin da wurin duk gonaki ne, gine-ginen 'yan ƙalilan. Ka san shi mutumin Damagaram ne, a can ya yi makarantar Faransanci, wadda har ya rasu bai daina ce mata lakwal ba. Aikinsa shi ne tsayawa tsakanin Turawan inji da ma'aikata. Kullum da sassafe, jiniyar Sharada na yin kuka, zai ɗaure ƙafar wandonsa da roba ya hau kekensa Raleh. Da yamma ya dawo da warin jima a rigarsa, in ce masa, “Malam, bokiti na bayan gida, sai ka yi wanka za mu gaisa.” Shi kuma ya ce, “Warin nan shi ke sayo miki man shafawa, Malama.” Wallahi yau da zan ji warin nan a ƙofar gida, da ba zan aika kowa wanka ba.

Babban mai kula da injinan kamfanin wani tsohon Bafaranshe ne da ya musulunta tun yana aiki a Nijar. Ma'aikata suna ce masa Malam Yusufu Mai-inji. Dogo ne, ƙashi da rai, yana da tarin da magungunan jima suka sa masa. Hausarsa ta wurin aiki ce: kawo, ɗaga, kashe, a hankali. Turancinsa kuwa bai wuce sunayen kusoshi ba. Ya taɓa auren wata Baturiyar Ingila, suka haifi 'ya mai suna Helen, aure ya mutu yarinyar tana ƙarama, uwar ta tafi da ita ƙasarsu. Yarinya ta tashi ba ta jin Faransanci ko na sisin kwabo. Abin da ta sani game da ubanta shi ne ya zauna a Afirka ya bi addinin baƙaƙen fata.

Da ya ji jiki ya fara gaya masa gaskiya, sai ya zauna ya rubuta ɗan littafi da Faransanci. Ba wa'azi ba ne. Bayani ne na abin da yake yi da dalilin yin sa: alwala, salla, azumi, yadda yake kallon mutuwa. Don mutum ɗaya ya rubuta shi. Ya kawo wa mahaifinka ya ce yana so a mai da shi Turanci, kuma ba ya so a kai wa wani ofis, ya fi son mutanen da ke sa goshi a ƙasa su yi masa. Mahaifinka ya shigo da takardun a cikin ambulan mai maiƙon inji ya ajiye a gabana.

Na ce, “Ni da ban san ko harafi ɗaya na Faransanci ba?”

Ya ce, “Ni kuma Turancina bai kai ni kasuwar Sabon Gari ba. Amma akwai Hausa a tsakaninmu, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.”

Ga yadda muka riƙa yi. Ranar Lahadi, da an gama karin kumallo, sai mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar nan da kuka sare bara. Shi ya karanta jimla, ya rufe ido, ya faɗe ta da Hausa. Ni in rubuta da Turanci. Sannan in sake mai do masa abin da na rubuta da Hausa, ya auna da na Faransancin. Kamar masu miƙa kwanon ƙasa a wurin gini muke, daga hannu zuwa hannu. Binta tana rarrafe tana cin gefen takarda. Ban taɓa zama da mahaifinka muna magana mai tsawo kamar a watannin nan ba, kuma a nan na san mijina yana da kai, ba ƙarfin taka keke kaɗai ba.

Na ce a nan na sani, domin kafin nan, Allah ya yafe mini, ina ɗan ji da kaina. Ni ce mai takardar shaidar malanta, ni ce mai koya wa 'yan aji bakwai Turanci. Sai na ɗauka in ya faɗi Hausarsa ya gama nasa, sauran gwanintar tawa ce. Akwai inda tsohon ya rubuta cewa ranar da ya fara sujada a bayan leburorin da yake ba umarni, kunya ta kama shi, gwiwarsa ta yi ciwo, kuma tsoro ya hana shi tuna abin da zai karanta. Na ga wannan bai dace da dattijo ba. Na zuba masa Turanci mai rawani, na ce zuciyarsa ta cika da haske da ɗaukaka. Da na mai do wa mahaifinka da Hausa, sai ya ajiye takarda ya dube ni.

“Malama, wannan wane ne?”

“Malam Yusufu mana.”

“A'a, wannan gwamna ne ke jawabin buɗe asibiti. Ina gwiwar? Mutum ya ce gwiwarsa ta yi ciwo, kin ɓoye masa gwiwa. 'Yarsa ba waliyyi take nema ba, ubanta take nema.”

Na ji haushi, amma na goge. To ka ji darasi na farko. In an ba ka maganar wani ka kai, amana ce, kada ka yi mata kwalliya. Kuma in za ka rubuto mini, ka rubuto da gwiwar a ciki. In kuɗi ya yanke, ka ce ya yanke. In kewar gida ta sa ka kuka a banɗaki, ka faɗa. Ba na son takardar “komai lafiya lau” wadda ko ɗan aji uku zai iya rubutawa.

Muna tafiya sumul har muka kai babi na ƙarshe. A nan muka ci karo da kalmar. Mahaifinka ya karanta, ya rufe ido kamar yadda ya saba, amma bakinsa bai buɗe ba. Na jira har tawadar alƙalamina ta bushe. Kalmar ita ce recueillement. Na iya rubuta ta har yau, ko da yake in na faɗe ta mahaifinka dariya yake har da riƙe ciki, wai kamar mai kurkure baki. Tsohon ya rubuta cewa kullum bayan ya sallame la'asar, kafin ya ɗaga hannu ya roƙi komai, yakan zauna a kan buzunsa ya shiga wannan hali. Sannan ya ce wa 'yar, “Duk ranar da na shiga cikinsa, ke ce farkon wadda nake samu.” Littafin gaba ɗaya wannan layin yake nufa. In muka ɓata shi, mun ɓata aikin.

Na ce, “Faɗi mana.”

Ya ce, “Natsuwa… a'a, natsuwa tana ciki amma ba ita ba ce.”

“Khushu'i?”

“Wancan a cikin salla yake, kuma ya ba shi nasa sunan a baya. Wannan bayan sallama ne.”

“Tunani? Shiru? Zikiri?”

“Ba ya jan carbi, ba ya tunanin komai, kuma shiru ai ko jaki yana yi.”

Sai na ce a raina, ai abin da ya gagari baki ba ya gagarar ƙamus. Na ari ƙamus na Faransanci da Turanci wurin wani malamin sakandare, na dawo da shi a kai kamar na ɗauko kayan lefe. Na sami kalmar, ga Turancinta a jere. Na zaɓi meditation. Mahaifinka ya ce in gaya masa ma'anarta, na ce zurfafa tunani a kan abu. Ya girgiza kai. Na ce to concentration. Ya ce mece ce ita, na ce abin da ɗalibi ke yi a ɗakin jarrabawa. Ya ce, “Yusufu ba jarrabawa yake rubutawa ba.” Na kawo wata, ya ture. Na kawo wata, ya ture. Raina ya ɓaci na ce, “Turawan da suka rubuta ƙamus ba su sani ba, sai kai? Ka dai ce Hausarka ta Damagaram ce ta gaza.”

Ya tattara takardun, ya mai da su ambulan, ya sa a ƙarƙashin katifa. Lahadi ta zo ta wuce ba a shimfiɗa tabarma ba. Wata Lahadin ma haka. Ina kai masa abinci, yana cewa sannu, ina cewa yauwa, iyakarta ke nan. Ni ina jira ya ce in kawo alƙalami, shi yana jira in ce na yi kuskure. Alhali can a Challawa kullum da safe tsohon nan sai ya tare shi a bakin ƙofa, yana tari, ya ce da Hausarsa, “Littafi, ya ƙare?” Mahaifinka ya ce saura kaɗan. Mu muna gaba a kan kalma, mutum kuwa kwanansa na ƙarewa.

Na biyu ke nan, kuma wannan don Rabi na faɗa. A nan in kun saɓa, akwai ni, akwai gwaggonka, akwai liman. A can ba kowa, daga kai sai ita sai bango huɗu. Ta bar uwarta da 'yan'uwanta ta bi ka. Kada ka bari gaba ta kwana a ɗakinku, ko da kai ne mai gaskiya. Kuma ka kiyayi harshe a kan asalin mutum da abin da bai iya ba, domin irin wannan maganar ko an yafe tana barin tabo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka gaji taurin kaina, na sani, shi ya sa nake ja maka kunne.

Abin da ya raba gardamar shi ne ciwon tsohon ya tashi, ya kwanta a gidan da kamfani ya ba shi a cikin harabar. Mahaifinka ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ya kamata mu je dubiya. Na dama kunun gyaɗa na zuba a fulas, muka hau bas ɗin ma'aikata. Farkon damina ne. Ban taɓa shiga Challawa ba sai ranar. Wari ya yi mini sallama tun daga titi, na toshe hanci da mayafi, mahaifinka ya yi kamar bai gani ba amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Muka tarar da tsohon a baranda, an jingina shi da matashi. Daga nan ana hango filin shanya. Fatu ne na awaki da tumaki ko'ina, wasu a kan igiya, wasu a kan katako, har iyakar ganinka. Muna cikin gaisawa sai gabas ta haɗe, iska ta taso. Wani ya ƙwala ihu, “Hadari! A kwashe!” Kai, ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutane suka fito ta kowace ƙofa, masu rigar leda, masu takalmin roba, har masu gadi da mai shayi. Ba wanda ya tsaya tambayar wannan ta wace ce. Kowa ya runguma iya hannunsa ya yi cikin sito. Wata fata iska ta ɗauke ta ta maƙale a waya can nesa, wani dattijo ya bi ta da gudu ya ciro. Kafin ɗigon farko ya sauka fili ya zama wayam. Aka ja ƙofar sito. Mutanen suka zazzauna a bakin rumfa suna haki, ba mai magana, ruwa ya ɓarke a kan kwano.

Tsohon ya taɓa hannun mahaifinka, ya nuna filin, ya nuna ƙirjinsa. Ya faɗi kalmar nan. Sannan ya ce da Hausa, “Duka a waje. A kawo ciki. A rufe ƙofa.”

Mahaifinka ya juyo ya dube ni, karon farko cikin makonni. Ni kuwa kunya ta rufe ni, domin tun ranar farko ya kamata in ce mu je mu tambayi mai maganar. Na tafi wurin ƙamus na bar mutumin da ya rubuta yana raye, tafiyar bas ɗaya tsakaninmu. Da aka kira la'asar, tsohon ya yi sallarsa a zaune. Ya sallame, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Na zauna a gefe ina satar kallonsa. Fuskarsa ta sauka, tarin ma ya lafa. Ka ga mutumin da ya wuni a warwatse, rabinsa a wurin inji, rabinsa a ƙasar da ya baro, wani yanki a wurin ciwo, yana kiran kansa gida ɗaya bayan ɗaya don ya tsaya gaban Ubangijinsa a cike. Sai na gane abin da layin nan ke faɗa. Ba tunanin 'yarsa yake yi ba. Shigo da ita yake yi daga ruwa, ita ce fatar da yake fara runguma.

A bas ɗin dawowa na ce wa mahaifinka, “Malam, Hausar Damagaram ba ta gaza ba.” Ya ce, “Ta Kano ma ta yi ƙoƙari.” Shi ke nan, aka wuce wurin.

Ban sami kalma ɗaya ba, kuma na daina nema. Na rubuta da Turanci mafi sauƙi, gathering in, wato tattarowa ciki, mutum ya tattaro kansa gida a gaban Allah. Mahaifinka ya koma ya roƙi tsohon ya ƙara layi biyu da bakinsa a kan fatu da hadari, don kada mu sa masa abin da bai faɗa ba. Na uku ke nan: gani ya kori ji, kuma matambayi ba ya ɓata. Za ka zauna cikin mutanen da ba ka san al'adarsu ba. In abu ya shige maka duhu, kada ka yanke hukunci daga littafi ko daga hirar 'yan'uwanka baƙi. Ka je wurin mai abin ka tambaye shi, ka zauna ka ga yadda yake yi.

Aka buga a keken rubutu na makarantarmu, aka kai gidan waya. Damina ta wuce, aka yi girbi, shiru. Tsohon ya daina tambaya, wannan ya fi tambayar ciwo. Sai ga amsa daga Helen, 'yar gajeruwa. Muka je muka yi aikinmu a juye: ni in karanta Turanci in faɗa da Hausa, mahaifinka ya mai da Faransanci. Ta ce ba ta fahimci yawancin abin da ya shafi addinin ba, ba za ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ta yi dariya a wurin gwiwa. Ta ce babin ƙarshe kuwa ta karanta shi a tsaye a kicin, sai da ta nemi kujera. Tana zuwa.

Ta zo da rani, ita da ɗanta, yaro ɗan shekara biyar ko shida mai gashi kamar gemun masara. Ma'aikata suka yi ta leƙe ta taga. Aka shimfiɗa darduma a barandar nan. Uba a nan, 'ya a can, ni da mahaifinka a tsakiya. Tsohon ya ce ta yi kama da uwarsa. Magana ta bi ta bakin mahaifinka, ta bi ta nawa, ta isa. Ta ce ta tuna warin hannunsa. Magana ta bi ta nawa, ta bi ta na mahaifinka, ta isa. Kowace kalma sai ta yi zango biyu, kafin ta kai ta huce. Duk da haka suna ta murmushi, muna ta godiya ga Allah.

Sai tsohon ya dubi jikansa, wanda ya maƙale a jikin uwar. Ka san ya daɗe cikin Hausawa, ya ga yadda kakanni ke yi da jikoki, ashe ya daɗe yana kwaɗayin abin. Ya ɗaure fuska da wasa ya ce a gaya wa wannan ƙaton, ya san abin da ya kawo shi, ya zo ne ya ƙwace masa gida da hula, to ba zai bayar ba, sai dai su yi kokawa. Mahaifinka ya faɗa mini yana dariya. Ni na juya da Turanci iya iyawata, har da murmushi. Yaron ya zaro ido, ya dubi dogon tsohon nan mai tari, ya fashe da kuka ya ce shi ba ya son gidan, a mai da shi wurin babansa. Na shiga bayani, wasa ne, al'ada ce, haka kaka ke nuna ƙauna. Uwar ta gane, ta yi ta rarrashi. Amma wasan da sai an yi bayaninsa ya riga ya mutu. Tsohon ya ciro hular daga kansa ya miƙa, yaron ya ƙi karɓa. Tsohon ya yi dariya, ya mai da hularsa.

Da la'asar ta yi, ya yi salla ya zauna zamansa. Helen ta tashi ta koma kusa da shi ta zauna, kafaɗa da kafaɗa. Na matsa don ko za a buƙace ni, ta ɗaga mini hannu ta ce ba sai na zo ba, wannan ta san shi. Muka ja jiki muka bar su. Wannan zaman shi ne ladan aikinmu, kuma na gode wa Allah da ya nuna mini. Amma a hanyar gida ba shi na riƙa gani ba, hular nan na riƙa gani a miƙe. Na yi kuka a bas har wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Tsohon ya rasu da damina ta zagayo, ma'aikatan Challawa suka yi masa sutura suka kai shi. Jikan bai sake zuwa ba.

To ka ji dalilina. Abin da ke cikin Rabi, in Allah ya sauke ta lafiya, bayan kiran salla a kunnensa, abu na biyu da zai ji ya zama Hausa. Turanci zai same shi a titi, a makaranta, a talabijin, ba ya buƙatar taimakonku. In kun rufe ƙofar gida, ku rufe da Turancin a waje. Ku yi masa faɗa da Hausa, ku yi masa tatsuniya da Hausa, Rabi ta yi masa waƙar reno irin wadda aka yi mata. Ka sayi rikoda. Duk wanda zai taho gida ka ba shi kaset, in ji muryarku, ni ma in aiko da tawa a kunna masa. In namiji ne, ka gaya masa yana da mata a Sharada, tsohuwa mai faɗa, tana jiran kuɗin cefane kuma ba ta karɓar uzuri. Ina so ranar da ya shigo gidan nan in ce masa, “Kai, mijin banza, sai yau?” ya murguɗa baki ya rama. Iyakar abin da nake roƙo ke nan. Ban ce ka kawo mini atamfa ko agogo ba.

Kuma kada ka jira sai ka sami kalmar da ta dace kafin ka rubuto. Malam Yusufu ya jira har yarinya ta zama uwa. Ni ma ga shi na jira har sai da aka ɗaure jakunkuna.

Tun da mahaifinka ya rasu, na ɗauki zaman nan na bayan la'asar. Har yau ban san sunansa da Hausa ba, ban kuma damu ba. Ina sallamewa sai in ɗora hannu a gwiwa in fara kwashe shanyata. In ɗauko mahaifinka daga inda yake kwance. In ɗauko Binta, in ɗauko ƙannenta, kowa da sunansa. Daga gobe sai na miƙa hannu har Ingila, ba komai, hannun uwa yana da tsawo. Kai kana ganin ban taɓa kiran sunanka ba, kullum “yayanku”, kullum “wancan”. Ina kira. Kullum kai ne farkon wanda nake shigowa da shi, Allah kaɗai ke ji. Na taya wani mutum fassara abin da ke zuciyarsa zuwa ga 'yarsa, kalma ɗaya ta tsayar da mu mako da makonni. Tawa kalmar ba ta buƙatar ƙamus, ta fi shekara ashirin da biyar a bakina, kunya ce ta hana ta fita.

Allah ya tsare hanya, ya tsare masauki. Allah ya sauki Rabi lafiya, ya raya abin da za a samu a kan sunna. Allah ya ba ka abin da ka je nema, ya hana ka abin da zai hana ka dawowa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Ka dawo mini, Isma'ila.

Mahaifiyarka.